Ƙofar da Ba a Buɗewa

Lokacin zafi ne, zafin Dubai, irin wanda idan ka fito daga gini sai ka ji kamar an ɗage murfin tukunya a fuskarka. Tabarauna kan yi gumi tun kafin in kai bakin titi, sai na cire na goge da gefen mayafi. Shekarar ma gaba ɗayanta haka ta zo mini, da nauyi. A farkonta maigidana ya rasu. Na yi takaba, na fita, masu zaman makoki suka watse, gidan ya yi mini faɗi. Abinci ma sai in dafa in zuba masa ido. Shi ya sa da babbar 'yata ta aiko da biza ta ce in zo in huta, ban yi musu ba.

Ma'aikaciyar jirgin sama ce, cikin masu raba abinci da kula da fasinja. Ta kama ɗan ƙaramin gida a Al Qusais, ciki da falo, a wani bene da ke kallon rumfunan ajiyar kaya. Ita ce 'yar farina. A tarbiyyar da muka taso da ita ba a kama sunan ɗan fari, ba a yaba shi, ba a shiga maganarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, a can ta girma. Da ta ce tana son wannan aikin, da mahaifinta suka yi magana suka gama, ni labari aka ba ni, na ce Allah ya sa alheri. Har na zo gidanta, idan ina son ta miƙo mini wani abu, “ke” nake cewa, ko “yarinyar nan”.

Akwai kuma maganar da ke jirana a Dubai, na san da ita tun ina gida. Baffan yaran, ƙanin maigidana, ɗan kasuwa ne a kasuwar Naif ta nan Dubai, yana sayen jakunkuna da takalma yana turawa Kano. Shi ne ya tsaya a kan autata ita ma ta shigo aikin yayarta. Ya ce ana ɗaukar sababbi, yarinyar tana da tsawo, tana da Turanci, ga yayarta a ciki za ta nuna mata hanya. Tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ce a gaba, amma ya yi mini kara, ya ce ba zai tura mata kuɗin jirgi ba sai uwarta ta ce to. Autar kuwa tana can Kano ta sayi takalmi mai tsini tana koyon tafiya da shi a tsakar gida, tana yi wa madubi murmushi. Kullum ta kira ni sai ta ce, “Umma, kin ce to?” In ce mata, “Bari dai in huta.” Gaskiya to ɗin yana bakina. Ina jiran wata Juma'a ce da zan faɗa a gaban baffan.

Tafiyar da na yi zuwa Dubai ita ce shigata jirgi ta biyu a duniya, bayan ta aikin Hajji. 'Yata ta sa an ba ni kujera can wajen gaba. Ni ba mai barci ba ce a hanya, don haka na kalli komai. Na karanta takardar da ke aljihun kujera a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, duk da Turancin ya fi ƙarfina, hotunan ne suka taimaka. Can tsakiyar tafiya sai na ga wata yarinya cikin ma'aikatan, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, ta jawo keken abincin nan ta gitta shi a hanya, ta tsaya a bayansa tana fuskantarmu. Ba ta raba komai ba. Tsayuwa kawai ta yi tana murmushi. A bayanta wata ƙofa ta buɗe, wani mutum mai farar riga ya fito ya shiga banɗaki, ya fito ya koma, ƙofar ta rufe. Sannan ta janye keken. Na ce a raina, baiwar Allah ta gaji, ta samu abin jingina tana hutawa. Har na so in ce mata sannu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci baffan kan zo cin tuwo. Na taho da kuka da daddawa da man shanu daga gida, labari kuwa ya bazu a Naif. Ranar da nake magana a kai ya zo da abokinsa, wani Alhaji ɗan Damagaram mai sayar da atamfa, wanda ba ya haɗa jimla uku bai sa Faransanci ba. Sun shigo ne da musunsu tun daga cikin lif. A makon an yi ta yawo da wani bidiyo a waya, na wani jirgi a wata ƙasa da wani mutum ya tashi yana ihu yana neman a karkatar da shi. An kama shi, ba wanda ya mutu. Amma abin ya ba maza aikin yi.

“Ni dai a ba matuƙan jirgi bindiga, kalas, shi ke nan!” in ji baffan yana cire takalmi. “Mutum yana riƙe da ran jama'a a sararin samaniya, ba soja ba ɗan sanda, ka ce ya kare su da me? Da cokalin shayi?”

“Mais non, Alhaji, mais non. Harsashi ɗaya ya huda bango, c'est fini, duk ta ramin za mu fita, kai da hularka.”

“Kai ai ba ka yarda da kowa ba. Ko kago, kayan da za a tura maka a jirgi, aka auna sai ka sa an sake.”

“Saboda na san ’yan Kano ne ke riƙe da sikelin.”

Suka yi dariya. Na shimfiɗa ledar cin abinci a falo, 'yata ta kawo ruwan wanke hannu. Ba ta da tashi ranar, tana sanye da doguwar riga ta zaman gida, kanta da ɗankwali.

Ɗan Damagaram ɗin ya gutsuri tuwo ya ci gaba. “To, bon. Ka ba shi fistol. Idan shi matuƙin ne ya tashi da ɓacin rai fa? Madam ta ɓata masa da safe, na kusa da shi ya yi masa maganar da ba ta yi masa daɗi ba? Ka kulle mutum biyu a ɗaki ɗaya da bindiga, kana can baya kana cin biskit.”

“A Amurka ai sun ba wasu, me ya faru?”

“Amurka mai sayar da burodi ma yana da ita.”

“Habibi, tsoro ne kawai. Ɓarawo idan ya san akwai bindiga a gida ba ya haurowa.” Sai baffan ya juyo wajena. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji tun ina amarya. “Matar Yaya, raba mu. Ke da kika yi boko da girma, me littafi ya ce?”

Na ce, “Littafina bai kai shafin bindiga ba. Ku ci kafin ya huce.”

“To ga 'yar gida nan. 'Yata, zo ki gaya wa wannan Bafaranshen gaskiya. A ba su ko kar a ba su?”

Tana durƙushe ne tana zuba musu man shanu a miya. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Baffa, a ba su ko kar a ba su, ni duk ɗaya ne a wurina.”

“Kamar yaya duk ɗaya?”

“Bindigar tana can ciki. Ni ina waje.”

Ta ajiye cokalin ta zauna a kan ƙafafunta. Yadda ta yi maganar, da muryar nan tata ta aiki mai laushi, kamar tana bayanin inda ƙofofin fita suke. Ta ce ɗakin matuƙa yana da ƙofar ƙarfe, ba ta buɗuwa sai su na ciki sun yarda. Ta ce akwai kyamara a samanta, kyaftin yana ganin duk wanda ke tsaye a wajen.

“Idan wani ya shaƙe ni ya sa mini abu a wuya ya ce a buɗe ko ya yanka ni, kyaftin yana kallona. Ba zai buɗe ba. Haka aka koya masa, ni ma haka aka koya mini. Aikinsa ya sauke jirgin a filin da ya fi kusa.”

“To ai shi ya sa na ce a ba shi bindiga,” in ji baffan. “Sai ya fito ya bindige ɗan banza.”

“Ko yana da ita ba zai fito ba, Baffa. Ta tsaron kujerarsa ce, idan an karya ƙofar. In ya fito da ita ai ya kawo wa maharan ne. Ga mutane cunkushe, wa zai samu wa zai bari?”

Ɗan Damagaram ɗin ya ce, “Voilà! Ban gaya maka ba?”

Ta ce, “Alhaji, kai ma maganarka ba ta fitar da ni ba. Da bindiga da babu, ƙofar dai a rufe take. Mu ne a gabanta. Ko banɗaki kyaftin zai shiga, sai ɗayarmu ta gitta keken abinci a hanya ta tsaya a bayansa, don idan wani ya taso da gudu ya fara cin karo da ita, kafin a samu a rufe.”

A nan ne na ajiye lomar da ke hannuna. Yarinyar nan ta cikin jirgi ta dawo mini, da murmushinta, da hannayenta a kan keken. Ashe ba hutawa take yi ba. An tsayar da ita ne a wurin, ita da kwalayen lemo, don ta ɓata wa mugu lokaci. Ni kuma ina zaune a gabanta ina tausaya mata ciwon ƙafa.

Da 'yar maƙwabta ce ta faɗi haka, da na yi salati da ƙarfi, na dafa ƙirji, na ce wannan wane irin aiki ne. Da autata ce, da na jawo ta jikina. Amma 'yar fari ce, ga ƙanin mijina, ga baƙo. Bakina ya san abin da aka koya masa. Na sunkuyar da kai na gyara murfin kwano wanda ba abin da ya same shi.

Na jira baffan ya yi magana a madadina. Shi ne uba a wurin, shi ba kunyar kowa a kansa. Ya lashe yatsa, sannan ya ce, “To, kowane aiki da haɗarinsa. Mu ma kwantena tana faɗawa teku. Kuma sau nawa abin yake faruwa? Wallahi hanyar garinmu ta fi jirgi haɗari.” Ɗan Damagaram ɗin ya ce, “Allah ya tsare, ma fille,” ya jawo wata malmalar. Baffan ya ce in haka ne su ma ma'aikatan a ba su, ko da irin mai lantarkin nan ce. Abokinsa ya ce sai a ba fasinjoji ma kowa ya shiga da tasa, a huta. Suka sake kwashewa da dariya. Kafin a kawo kankana sun koma kan tsadar kago.

Ban ce ƙarya baffan ya yi ba. Hanyar garinmu ta ci mutanen da na sani, jirgi bai ci ko ɗaya ba. Amma a hanyar garinmu ba wanda ya zaunar da 'yata a aji ya koya mata cewa idan abin ya zo ita ce za a bari. Abin da ya tsaya mini ke nan. Mutane masu ilimi sun zauna sun auna, sun ga ran mutum ɗaya bai kai na jirgi guda ba, kuma ni ma da aka tambaye ni lissafin zan ce daidai ne. Sai dai mutum ɗayan nan ni na haife ta. Su kuma waɗannan biyun sun ɗauki maganar sun yi ta buga ta kamar ƙwallo, daga masallaci har falona, suna cin tuwona, ko sau ɗaya ba su tambayi wa ke tsaye a waje ba. Da aka gaya musu ma, bai rage musu loma ba.

Da za su tafi baffan ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi. “Matar Yaya, maganar auta fa? Lokaci yana tafiya.”

Na ce, “Za ka ji ni.”

“Yalla, yi sauri, kar ki sa yarinya ta tsufa tana jira.”

Bayan la'asar muna wanke-wanke a ɗan kicin ɗinta, wanda mutum biyu ba sa juyawa sai sun gogi juna. Ita tana wankewa ina ɗauraya. Ni da ita ba mu saba hira mai tsawo ba, ba mu san ta inda ake farawa ba.

Ita ta fara. “Umma, ba don in tsorata ki na faɗa ba.”

Na ce, “Ƙanwarki ta san wannan?”

“Hotuna ta sani. Na London, na Bangkok, ni da jaka a gaban otal.”

“Ba ki gaya mata ba?”

“Na gaya mata. Ta ce baƙin ciki nake mata.” Ta ɗan yi murmushi. “Baffa kuma kin san ba zan iya ce masa a'a ba.”

Sai a lokacin na gane. Ba da baffan take magana ba a falo, ba kuma da baƙonsa ba. Tana kallon kwanon miya ne tana magana da ni. Ita ma tana da tata kunyar, ba za ta zaunar da ni ta ce Umma ki hana ba. Ta jira sai da aka tambaye ta a gaban mutane.

Na riƙe faranti a ƙarƙashin famfo har ya wuce ɗauraya. Tambayar da nake so in yi ta yi mini nauyi, kamar zan ɗaga turmi. Daga ƙarshe na ce, ina kallon ruwan, “Ke fa?”

“Ni na riga na shiga, Umma. Kuma ina son aikina, kar ki ɗauka ba na so. Shekarun nan duka ban taɓa ganin ko faɗan kirki a jirgi ba, sai masu maye da masu rigimar kujera.” Ta karɓi farantin daga hannuna ta kife shi. “Amma kullum aka rufe ƙofar nan ina jin ƙararta. Ni na iya zama da abin. Ita auta ko ƙadangare ya shigo ɗaki sai ta hau gado.”

Na ce, “Su kuma na cikin, ba sa jin komai? Suna gaisawa da ku, suna cin abincin da kuka kai musu?”

“Suna ji mana. Akwai kyaftin ɗin da 'yarsa sa'ata ce, har hotonta ya nuna mini.” Ta share hannu da tawul. “Umma, da ni ce a ciki, ni ma ba zan buɗe ba.”

Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, har yau. Na so a ce akwai wanda zan tsana. Na so in tsani kyaftin, ko masu jirgin, ko wanda ya ƙera ƙofar. Ta hana ni. Ta bar ni da ɓacin raina ba inda zan ajiye shi, sai kan baffan da abokinsa, su kuma laifinsu bai wuce surutu da cin tuwo ba.

Ban ce mata ta bar aikin ba. Ban rene ta ba, ba da ni aka yi shawarar shigarta ba, yanzu kuma mace ce da ta san abin da take so. Na san idan na ce ta bari za ta bari, don ba ta taɓa tsallake maganata ba, ta dawo Kano ta zauna tana kallona da ladabi har ƙarshen rayuwata. Ban iya ba. Na ce mata dai, “Allah ya tsare,” kalmar da ɗan Damagaram ya faɗa da tuwo a bakinsa. Ita ce kawai na samu.

Washegari tana da tashi da sassafe. Bayan sallar asuba ta fito cikin kayan aiki, ta ja jakarta, ta durƙusa ta gaishe ni, motar kamfani ta ɗauke ta. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana.

Da rana ta ɗan ɗaga na sa mayafi na fita. Ban taɓa shiga metiro, jirgin ƙasan nan na cikin gari, ni kaɗai ba. Na bi sunayen tashoshi a jikin allo ina haɗa baƙaƙen a hankali, wata 'yar Ghana da ta ji ina karantawa a fili ta nuna mini inda zan sauka. Naif ta riga ta cika. Masu turin kaya suna ta ihun a ba su hanya, ga dilolin kaya an naɗe da leda an jibge a bakin shaguna, ko'ina Hausa kake ji kamar Kantin Kwari. Na tambaya aka nuna mini shagon.

Yana zaune a kan kwali yana shan shayi. Da ya gan ni ya miƙe. “Matar Yaya! Ke kaɗai? Lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau. Amsarka na kawo maka. Auta ba za ta zo ba.”

“Haba! Saboda hirar jiya? Wasa fa muke yi.”

“Na san wasa kuke yi.”

Ya kawo mini kujera, ban zauna ba. Ya yi maganar rashin aiki a gida, ya yi maganar ƙaddara, ya ce abin da zai samu mutum ko a kan gadonsa sai ya same shi. Na bar shi ya gama, na ce duk na yarda, amma ba za ta zo ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce, “To babbar fa? Ita ba ke kika haife ta ba?”

Na ce, “Ita tana sama yanzu.”

Ya kalle ni, ya kau da kai. “Shi ke nan. Amma ke za ki gaya wa auta da bakinki. Ni ba ruwana.”

Na fito na tsaya a inuwar wani shagon akwatuna, na goge tabarau, na nemo lambar auta. Bugu ɗaya ta ɗauka, muryarta cike da murna. “Umma! Kin ce to?”

Na gaya mata. Ta fara kuka, tana cewa an fi son yayarta, an tashi an kashe mata rayuwa, ita me ta yi mini. Ban katse ta ba, ban kuma ba ta haƙuri ba. Na riƙe wayar a kunnena, masu turin kaya suna kauce mini, har ta gaji ta kashe da kanta.